Ruwan da Ya Zauna a Gangar Jikin Bukar

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne mai saukar da cuta, Shi ne kuma mai ɗauke ta. Wannan labarin jinyar ƙanena Bukar ne, wadda muka yi a unguwar Gwange cikin zafin bazarar da ta wuce. Da ajami na fara rubuta shi don kaina, saboda da shi hannuna ya saba tun ina yaro. Daga baya na ga kuskuren da muka yi wani gidan ma zai iya yin sa gobe, sai na zauna na mayar da shi boko, don ya isa inda ajamin ba zai isa ba.

Sunana Umara. Mahaifinmu mutumin Haɗeja ne, fatauci ya kawo shi Maiduguri, ya auri mahaifiyarmu Babarbariya, bai ƙara komawa ba. Mu biyu suka bari. Ni na bi allo, Bukar ya bi kifi. Yana da rumfa a kasuwar kifi ta hanyar Baga, inda yake sarin banda kwali-kwali. Ni kuwa, ban da karantarwa, shekara da shekaru ni ake kira a unguwarmu idan namiji ya rasu, in yi masa wanka in sa shi a likkafani. Dole in faɗi wannan tun farko, domin ba don aikin nan nawa ba, da jinyar ba ta tafi yadda ta tafi ba.

Akwai kuma wata kalma da ta bi mu tun farkon ciwon, ita ce gangar jiki. Na daɗe da saninta. Ina ɗalibi muna karatun jana'iza, muka zo inda aka ce ba a yi wa guntun mutum salla sai an sami mafi yawan jikinsa. Malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya fassara ya ce, "Sai an sami gangar jiki." Na rubuta kalmar a gefen takarda da siririn alƙalami, na ce, "Allah gafarta Malam, me ya haɗa jikin ɗan Adam da ganga?"

Ya ce in je in kalli masassaƙi yana aikinta kafin a ɗaura mata fata. Guntun itace ne, an rarake cikinsa, ba kai ba ƙafa. Ya ce, "To ajiye kai gefe, ajiye hannuwa da ƙafafu. Abin da ya rage daga wuya zuwa ƙugu shi ne wannan. Ƙashi ya kewaye, fata ta rufe, ciki kuma kogo ne da aka ba iska aro." Shi ya sa, in ji shi, mai lafiya ba ya kiran wannan suna, jikina kawai yake cewa. Sai an so a raba mutum da mazauninsa ake kiran sa. Idan hankalin mutum ya tafi wani wuri, a ce gangar jikinsa ce kawai a nan. Idan rai ya fita, a ce gangar jiki aka bari.

A lokacin karatu ne kawai a wurina. Sai shekarun tashin bam suka zo garin nan. Mutane kan zo mini da abu a naɗe cikin tabarma, tambayar farko da nake yi musu ke nan: "An sami gangar jikin?" In an samu, mu yi wanka mu yi salla. In ba a samu ba, mu naɗe abin da aka kawo mu kai maƙabarta. Tun daga nan kalmar ta yi mini nauyi a baki. Tun daga nan kuma mutanen unguwa suka fara kallon hannuwana. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska. Amma mai jego ba ta miƙo mini jariri, kuma in na je dubiya, can bakin ƙofa ake shimfiɗa mini tabarma, nesa da majinyaci. Na saba, ban riƙe kowa ba.

Da tari ciwon Bukar ya fara. Muka ce hayaƙin banda ne, wa ke zama a kasuwar nan bai yi tari ba? Matarsa Falmata ta sayo maganin tari a kemis, ta haɗa masa da zuma da citta. Mako na biyu ya daina kwanciya ta hagu, sai ta dama kawai. In ya juya, numfashi ya ƙwace masa. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa darbejiya.

Wata rana bayan la'asar na same shi zaune a zaure ya jingina da bango. Na ce, "Bukar, yaya jikin?"

Ya ce, "Yaya Malam, ni lafiyata ƙalau. Gangar jikin ce ta yi nauyi ta gefe guda, kamar an loda mata kaya ba a daidaita ba."

Na ce, "Bar faɗin haka. Ce jikina."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce, "To ai yanzu ba ta jin maganata, yaya zan ce tawa ce?"

A makon nan ne Ya Kellu ta taso daga gidanta ta tare a wurinmu. Ƙanwar mahaifiyarmu ce, ita ta goye mu bayan rasuwar uwarmu, maganarta kuma ba a mayar da ita a gidan nan. Ta dubi Bukar sau ɗaya, ta kira ni gefe. Shekaru da yawa da suka wuce kwalekwale ya taɓa kifewa da Bukar a Tafkin Chadi, shi da abokin cinikinsa Lawan. An tsamo Bukar, Lawan kuwa har yau ba a ga ko hularsa ba. Kuma wata guda kafin tarin ya fara, Bukar ya koma bakin tafkin saro kifi, karo na farko tun bayan da hanya ta buɗe.

Ya Kellu ta ce, "Umara, mutum biyu suka shiga jirgin nan, ɗaya aka mayar. Kana zaton masu ruwan sun yafe ɗayan? Ya je ya nuna musu fuskarsa, sun gane shi."

Na ce, "Ya Kellu, rai a hannun Allah yake, ba a hannun ruwa ba."

Ta ce, "Na sani. Ai ni na koya maka kafin malaminka." Ta gyara laffayarta ta shige.

Mako na uku na kai shi babban asibiti. Mun fita bayan asuba, ba mu ga likita ba sai da rana ta take. Layin kati daban, layin awo daban, benci ɗaya mutum goma, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Likitan matashi ne, ga alamar gajiya a idonsa, amma ya saurare mu. Ya sa Bukar ya tuɓe riga ya zauna ya ba shi baya. Ya ɗora tafin hagunsa a bayan, ya riƙa ƙwanƙwasa yatsansa na tsakiya da yatsan dama, yana saukowa haƙarƙari bayan haƙarƙari. Ta hagu sautin ya fito da amo, kum, kum, kum, har ƙasa. Ta dama ya fara haka daga sama, sai a ƙasan allon kafaɗa amon ya mutu. Dif, dif, kamar ana dukan buhun gero.

Ya dube ni ya ce, "Baba, ka ji? Nan iska. Nan ruwa."

Shekara nawa ina juya jikin mutane da hannuna, ban taɓa sanin cewa na mai rai yana amsawa in an ƙwanƙwasa ba. Malaminmu ya faɗo mini a rai, na yi masa addu'a a zuci. Da muka koma gida na faɗa wa Ya Kellu cewa likita ya ce ruwa ne. Ta dai kalle ni, kallon wanda aka zo ana ba shi labarin abin da shi ya fara faɗa.

Ranar Alhamis aka yi masa hoto. Mai hoton ya shafa masa wani abu mai santsi, ya yi ta yawo da na'ura a bayansa, sannan ya ɗauki biro mai kauri ya zana da'ira shuɗiya tsakanin haƙarƙari biyu, ya ɗiga ɗigo a tsakiya. Ya ce, "Kada a wanke wannan. Ku dawo Litinin, yanzu babu gado." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya kira na gaba. A nan nake da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da ya ƙara mana magana ɗaya, ya ce wannan alama tasu ce su kaɗai, kada wani ƙarfe ya kusance ta, da an huta. Ni ma da laifina, ina tsaye a ɗakin ban tambaya ba.

Ranar Asabar aka aiko mini daga unguwar Maisandari, wani tsohon abokin karatuna ya rasu, ya bar wasiyya ni zan wanke shi. Na fita da hantsi, ban dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tare ni, irin wanda ba a sa wa sai ranar biki. Na shiga na tarar da Bukar zaune a miƙe yana cin burabusko da hannunsa, yana magana ba haki. Rabon da in gan shi haka tun kafin watan ya kama.

Ya Kellu ta ce, "An kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ka ga ikon Allah."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Bari in ga wurin."

Na ɗaga ƙafa ke nan Falmata ta shiga tsakanina da shi, kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, daga maƙabarta kake. Ka zauna ka huta, ga ruwa."

Na dubi inda take nuna mini. Tabarma ce a bakin ƙofa. A gidan ubana, a ɗakin ƙanena da na yi wa wanka yana jariri. Na gane, na zauna, na sha ruwan.

Litinin ta zo, Bukar ya ce ba inda za shi. "Yaya Malam, in je in yi musu me? In yini a benci su ce in dawo Alhamis? Ga ni ina numfashi." Na ɗan matsa, Ya Kellu ta ce in bar yaro ya huta. Na bari. Ina rubuta wannan ne don in faɗi gaskiya: ba maganarta ce ta hana ni ba. Farin cikin ganinsa zaune ne, da kuma wani ɗan fushi da na ɓoye ko ga kaina. Na ce a raina, tunda hannuna ne ba ku so, to ku yi jinyarku. Allah Ya yafe mini wannan.

Kwana uku sauƙin ya yi. Daga nan zazzaɓi ya sauko, irin mai kaɗa haƙora. A cikin zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa, Bukar yana sanye da riga biyu. Aka rufe taga. Kaskon turare ba ya mutuwa, in garwashi ya yi sanyi Falmata ta kawo wani. Kullum in zo in zauna a tabarmata, in yi masa addu'a daga nesa, in tofa a iska.

Sai ya fara zancen Lawan. Ba cikin barci ba, ido biyu, rana tsaka, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa. Ya ce, "Lawan ya ce ruwan bai kai wuya ba tukuna." Wata rana kuma ya ce, "Yana nan da hularsa, ashe ba ta faɗi ba." Falmata ta fita da gudu tana kuka. Ya Kellu ta ƙara turare.

Ni kuwa wani abu ya fara damuna wanda ban iya faɗa wa kowa ba. Ƙarƙashin ƙamshin turaren akwai wani wari siriri. Duk wanda ya shigo ba ya jin sa. Ni na san shi. Na sha tarar da shi a ɗakunan da aka makara kafin a kira ni. Amma ban taɓa jin sa a ɗakin da mai shi yake amsa sallama ba.

Ranar Alhamis, kwana goma sha biyu bayan zuwan wanzami, na dawo daga sallar azahar na zauna a wurina. Babu wuta, babu ƙarar fanka, unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta kuka. Ya Kellu tana gyangyaɗi a gindin bango, Falmata tana madafa. Bukar ya yunƙura ya juya don ya ɗauki buta.

Sai na ji ƙarar ruwa. Ƙulum, kamar an girgiza jarkar da ba ta cika ba.

Na duba ƙarƙashin gado, babu jarka. Randa tana waje. Butar da yake nema ma bai kai hannu gare ta ba. Ya koma ya kwanta, ƙarar ta sake fitowa, a hankali, ta je ta dawo, sannan ta lafa. Daga cikinsa take fitowa.

Ya zuba mini ido. Ya ce, "Ka ji shi, ko? Kwana huɗu yana yi. Na ɗauka ni kaɗai nake ji."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Falmata ta shigo da kwano a hannu, ta gan ni a tsakiyar ɗaki, ta saki kwanon. Ta ce, "Malam, don girman Allah kada ka taɓa shi. Don Allah, Malam."

Na ce, "Falmata, in ban taɓa shi yau ba, zan taɓa shi nan ba da daɗewa ba, kuma ranar ba za ki hana ni ba. Zaɓi ɗaya."

Ta toshe bakinta da laffaya. Bukar ya ce, "Bar shi, Falmata. Hannun yayana ne."

Na zaunar da shi, na ɗaga rigunan biyu. An ɗaure bayansa da tsumma, an cusa dakakken ganye. Na kwance. Babu tsagar ƙaho ko ɗaya. Da'irar mai hoto tana nan, shuɗinta bai goge ba, sun kiyaye ta kamar yadda aka ce. A tsakiyarta, daidai inda ɗigon yake, rami ne, bakinsa ya ƙone ya yi baƙi. Bukar ya ja numfashi, ramin ya yi fiii. Ya saki, ramin ya tofo kumfa. Mutum ɗaya, yana numfashi ta wuri biyu.

Na ɗora tafina na ƙwanƙwasa yadda na ga likita ya yi. A sama amon ya fi na da ƙarfi, kamar kogon da ba kowa a ciki. A ƙasa kuwa dif.

Ya Kellu ta farka tana kallonmu. Na ce, "Ya Kellu, wannan ba ƙaho ba ne."

Ta ce, "Sakiya ce." Wato huda da ƙarfe mai wuta, irin wadda ake yi wa kumburi don ya zubar da abin da ya tara. Ta ce, "Wanzamin ya ga zanen, ya ce ai likita ya riga ya nuna ƙofa, saura buɗewa, me za a jira har Litinin? Ya gasa tsinkensa ya sa. Umara, da idona na ga ruwan. Rawaya, ya kusa cika kwano. Yaron nan ya yi ajiyar zuciya ya ce yunwa yake ji. Me kake so in yi zato?"

Na ce, "Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Ta ce, "Da ka ce a gani. Da ka gani kuwa, da ka taɓa." Ta fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Na aika Falmata ta kira maƙwabciyarmu Sista Saratu, mutuniyar Biu, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ta zo da jakarta ko takalmi ba ta daidaita ba. Ta duba sau ɗaya ta ce, "Wayyo Allah. Baba Malam, kai da ka yi karatu, a gidanka?" Ta rufe ramin da auduga da filasta, ta buɗe taga, ta ɗauki kaskon turaren da kanta ta fitar waje. Ta ce, "Ku nemo keke napep yanzu. Ba anjima ba, yanzu." Ta shiga keken tare da mu, ita ta yi ta magana a ƙofar asibiti har aka karɓe mu ba layi. Allah Ya saka mata, Ya raya mata zuriya.

Likitan nan matashi shi muka tarar. Ya buɗe filastar, ya duba ramin. Sannan ya ce, "Baba, da ruwa kuka tafi. Kun dawo mana da mugunya da iska." Ya yi mini bayani a hankali, bayanin da na so a ce an yi mana tun ranar zane. Ruwan a cikin rigar huhu yake. Su in za su cire shi, da dabarar da ke fitar da ruwa ba ta barin iska ta shiga suke yi. Tsinken wanzami ya fitar da kaɗan, ya bar ƙofa a buɗe, iska da datti suka shiga, huhun ya tattare ya koma gefe. Ƙarar da na ji, ruwa ne da iska suke karo a cikin kogon.

A ranar suka huda wani wuri ta gefen haƙarƙari, suka sa roba mai kaurin yatsa, ta sauka zuwa wata kwalba a ƙarƙashin gado. Likita ya riƙe hannuna ya ce, "Kwalba a ƙasa. Kullum a ƙasa. Wanda ya ɗaga ta sama da ƙirjinsa ya mayar masa da abin da muka cire." Wannan magana ta zauna mini. Mako shida ina gadin kwalbar nan kamar mai gadin amana. Mai shara in ta zo, ni nake riƙewa. 'Yan dubiya in sun sunkuya za su ɗaga su gani, in buge hannu, babba ko yaro.

Gwaji ya nuna tarin fuka ne tushen abin, wanda suke kira tibi. Maganinsa kyauta suka ba mu, na wata shida, suka kuma gwada duk mutanen gidan. Sauran kayan aiki kuwa mu muke saya, abin da ya tafi ya tafi, ba zan tsaya lissafi ba. Ɗakin maza ne, don haka jinya ta dawo hannuna. Ni nake juya shi, ni nake goge masa jiki da ruwan ɗumi, ni nake ba shi kunu. Ranar farko da na jiƙa tsumma, hannuna ya fara daga dama da kansa, yadda ya saba, sai da na tsaya na yi istigfari na tuna wa kaina cewa wannan yana da rai.

Kwalbar kuwa ba ta yin shiru. In ya yi tari ta yi kumfa, in ya ja numfashi ruwan cikinta ya hau, in ya saki ya sauka. Ya Kellu takan zo da rana ta zauna a ƙasa ta zuba mata ido. Wata rana ta ce mini a hankali, "Ba ka jin warin tafki?" Na ce ba na ji. Ƙarya na yi. Akwai wani ƙarni-ƙarni kamar na bakin ruwa, amma Sista Saratu ta ce haka mugunya take, na riƙe maganarta.

Mako na biyu a asibiti shi ne mafi tsanani. Zazzaɓi ya ƙi sauka, likita ya ce huhun ya ƙi buɗewa, in bai buɗe ba sai an yi babban aiki, kuma jikin ba zai ɗauka ba. Bukar ya rame har ina ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Wata safiya ina goge masa baya ya ce, "Yaya Malam, in ta ƙi, kai za ka wanke ta. Kada ka ba wani."

Na ce, "Ga shi ina wanke ta. Yi shiru ka ɗaga hannu."

Aka ba shi wata roba kamar balan-balan ya riƙa hurawa don huhun ya miƙe. Ɗan kasuwa mai 'ya'ya biyar yana hura balan-balan, majinyatan ɗakin suna yi masa kirari. Wani tsoho a gadon kusa yakan ce, "Alhaji, in ta fashe ka biya!" Ya hura, ya huta, ya hura. Kwana ya bi kwana. Ruwan kwalbar ya fara tsinkewa, ya fara raguwa.

Ranar da zazzaɓin ya sauka, da hantsi ne, ya buɗe ido ya daɗe yana kallon taga. Ya ce, "Lawan ya juya jirgi." Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ƙara ambatarsa ba har yau. Ko zafin zazzaɓi ne, ko wani abu ne da ba a ba ni saninsa ba, Allah ne masani. Ni abin da na gani na rubuta.

Ga wanda wannan takarda ta isa gare shi: in likita ya yi zane a jikin majinyacinku, kada ku bar ɗakin sai kun tambayi ma'anarsa, kuma ku faɗa wa tsofaffin gida da bakinku. Tari in ya wuce mako biyu, ba hayaƙi ba ne har sai an gwada. Kuma kowace rana wani ya ɗaga rigar majinyaci ya duba da idonsa. Ya Kellu ba mugunta ta yi ba, Falmata ma haka. Ƙauna ce ta kai su, ni kuma fushi ya zaunar da ni a bakin ƙofa. Wanzamin ban neme shi ba. Na dai aika masa saƙo, na ce ya ji tsoron Allah ya bar ƙirji da ciki ga masu su.

Bukar ya rayu, amma bai dawo yadda ya tafi ba. Huhun ya buɗe rabi, haƙarƙarin dama suka shige ciki, kafaɗar ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta kamar faɗin yatsa huɗu. Likita ya ce haka za ta zauna. Ba zai ƙara ɗaga kwalin kifi ba, sai dai ya zauna a rumfa ya yi ciniki da baki.

Juma'ar farko da ya iya fita, muka tafi masallaci a hankali, muka sami wuri a sahun waje ƙarƙashin rumfa. Aka ta da iƙama, liman ya ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗu. A daman Bukar wani dattijo ne dogo da ba mu sani ba. Ya ga kafaɗar ta faɗi, ya zaci kasala ce, ya sa hannu ya ɗaga ta. Ya saki, ta koma. Ya sake ɗagawa, ta sake komawa.

Bukar ya ce masa a hankali, "Bawan Allah, iyakarta ke nan."

Dattijon ya dube shi, ya dubi kafaɗar. Sai ya karya gwiwa kaɗan, ya rusunar da tasa har ta sauko ta haɗu da ta Bukar. Haka ya tsaya a karkace, shi da ba abin da ya same shi, liman ya yi kabbara.

Nan alƙalamina ya tsaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya ido da haƙuri, Ya yi daɗin tsira ga Annabinmu.